Dokokin Hana Saƙonnin Shara da Littafin Abokan Cinikin Ƙaramin Ɗan Kasuwa

Kusan kowane Bahaushe da ke da shago a Makka, Madina ko Jidda yana da wani littafi, na takarda ne ko na cikin waya, wanda ya tara sunayen abokan cinikinsa a ciki. Mai sayar da turaren wuta da almiski a unguwar Misfala ta Makka yana da shi, mai ɗinkin jallabiya da abaya yana da shi, haka nan mai haɗa wa baƙi masauki da mota idan sun zo Umra. Lokacin Hajji littafin yake cika, domin alhaji zai sayi kaya ya ce a riƙe lambarsa, hajiya kuma ta rubuta imel ɗin ɗanta ta ce a riƙa sanar da ita idan sabon kaya ya sauka. Bayan wata takwas, azumi ya ƙarato, sai mai shagon ya zauna ya tsara saƙon imel guda ya aika wa mutum dubu, sannan ya zuba ido. Sau da yawa shiru ne yake biyowa, idan kuma ya bincika sai ya tarar saƙon ya faɗa kwandon shara na akwatunan mutane, ko ma bai isa ba ko kaɗan.

Katanga biyu ce ya ci karo da su, kuma yawancin mutane suna haɗa su wuri guda. Ta farko ita ce dokar da gwamnatoci suka kafa a kan aika talla ga wanda bai nema ba. Ta biyu ita ce rariyar da kamfanonin akwatin imel irin su Google, Yahoo da Microsoft suke tace saƙonni da ita. Doka tana zuwa da tara bayan an kai ƙara an yi bincike, ita kuwa rariya tana yanke hukunci cikin ƙiftawar ido, ba tare da ta gaya wa mai saƙon laifinsa ba.

Matsalar ta girmi yawancin masu fama da ita a yau. A watan Mayun 1978 wani ma'aikacin kamfanin kwamfuta na DEC mai suna Gary Thuerk ya aika tallar sabuwar na'ura ga mutane kusan 400 a kan ARPANET, wadda ita ce uwar intanet, kuma wannan saƙon ake ɗauka a matsayin saƙon shara na farko, wato tallar da ake aika wa wanda bai nema ba. A 1994 wasu lauyoyi biyu a jihar Arizona, Laurence Canter da Martha Siegel, suka watsa tallar taimakon shiga ƙuri'ar samun izinin zama a Amurka zuwa dubban zaurukan tattaunawa lokaci guda, daga nan kowa ya gane cewa an samu hanyar talla da ba ta cin kuɗi. Wannan arhar ita ce tushen komai. Mai buga takardar talla yana biyan kuɗin tawada da na mai rabawa, saboda haka dole ya zaɓi wanda zai bai wa, amma mai aika imel miliyan guda bai kashe abin da ya fi na mai aika ɗari ba sosai, nauyin kuma yana komawa kan mai karɓa da kamfanin da ke ajiye masa saƙonni. A taron tattalin arzikin duniya na Dabos na 2004 Bill Gates ya yi alkawarin cewa cikin shekara biyu za a gama da matsalar. Yau an wuce shekara ashirin da wannan magana.

Da gwamnatoci suka tashi yin doka sai suka rabu gida biyu. Amurka ta kafa dokar CAN-SPAM a 2003, ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2004, kuma ba ta wajabta neman izini kafin aikawa ba. Abin da ta ce shi ne kada mai aikawa ya ɓoye ko shi wane ne, kada kan saƙon ya yaudari mai karatu, a sa adireshin da za a iya samun mai tallar a zahiri, a ba da hanyar cewa a daina, kuma a daina ɗin cikin kwanakin aiki goma. Tarar saɓawa tana iya haura dala 50,000 a kan kowane saƙo guda. Tarayyar Turai ta bi ɗaya hanyar tun daga umarninta na 2002 a kan sirrin sadarwa, inda ta ce sai an samu yardar mutum tukuna, in ban da wanda ya riga ya sayi kaya a hannunka, shi wannan ana iya tallata masa makamancin abin da ya saya muddin an ba shi damar ƙi tun farko da kuma a kowane saƙo. Dokar kare bayanai ta GDPR da ta fara aiki ranar 25 ga Mayun 2018 ta ƙara tsananta ma'anar yardar, tare da tarar da za ta iya kai yuro miliyan 20 ko kashi 4 cikin ɗari na cinikin kamfani na shekara. Kanada ta shigo da tata ranar 1 ga Yulin 2014, mai tarar da ta kai dalar Kanada miliyan 10 ga kamfani da miliyan 1 ga mutum ɗaya, kuma ta sa wa yardar da ke biyo bayan ciniki wa'adi: shekara biyu daga ranar saye, wata shida daga ranar da mutum ya yi tambaya kawai bai saya ba.

Saudiyya ta shiga sahun masu cewa izini tukuna. Dokar kare bayanan mutane ta fito da umarnin sarki a watan Satumban 2021, aka yi mata gyara a 2023, ta fara aiki ranar 14 ga Satumban 2023, aka kuma ba masu harka shekara guda su kintsa, wa'adin da ya cika ranar 14 ga Satumban 2024. Hukumar bayanai da ƙirƙirarriyar basira, wadda aka fi sani da SDAIA, ita ce ke sa ido a kanta. Sashe na 25 ya hana amfani da hanyoyin sadarwar mutum, har da adireshin gidan waya da na imel, wajen aika masa talla ko saƙon wayar da kai, sai da yardarsa da kuma hanya bayyananniya da zai bi ya ce a daina. Hukumomin gwamnati ne kaɗai aka keɓe a kan saƙonninsu na wayar da kai. Tarar saɓa wa dokar tana iya kai riyal miliyan 5, kuma ana iya ninka ta ga wanda ya maimaita. Kafin wannan akwai dokar kasuwancin intanet ta 2019, wadda ta wajabta wa mai talla ya bayyana kansa ya kuma nuna cewa talla yake yi, sannan akwai ƙa'idojin hukumar sadarwa a kan saƙonnin waya, waɗanda su ne dalilin da ya sa ake ganin haruffan AD a ƙarshen sunan kamfanin da ya turo talla ta gajeren saƙo.

Inda ƙaramin ɗan kasuwa yake tuntuɓe shi ne a kan kalmar yarda, domin abin da shi ya ɗauka yarda ce da abin da doka ta ɗauka sun sha bamban. Kasuwancinmu a kan sanayya yake tafiya. Wani zai ce, ga lambar yayana, shi ma yana son irin wannan dabinon, ka neme shi. Jagoran tawaga zai miƙa sunayen mutum arba'in da ya kawo domin a tanadar musu ɗakuna. Ɗan'uwa da ya bar sana'ar zai gadar wa ƙaninsa littafinsa dungurungum. A idon kowa a unguwa babu aibi a ko ɗaya daga cikin waɗannan, hasali ma kyautatawa ce. A idon doka kuwa yayan nan bai yarda da komai ba, mutum arba'in ɗin nan sun ba da bayanansu ne domin masauki ba domin talla ba, shi kuma littafin gado mutanen cikinsa wani suka amince wa, ba magajinsa ba. Ko alhajin da ya faɗa da bakinsa cewa a riƙa sanar da shi, idan bayan shekara ya manta ya yi ƙorafi, mai shagon ne za a tambaya ya nuna ranar da aka ba shi izinin da hanyar da aka ba shi, domin ƙa'idojin aiwatar da dokar suna son yardar da aka adana ta yadda za a iya tabbatar da ita daga baya. Babban kanti yana samun wannan shaida ba tare da wahala ba, tunda na'urarsa ce ke rubuta sa'a da minti duk lokacin da wani ya danna akwatin amincewa. Mai rumfa kuwa shaidarsa ita ce gaisuwar da suka yi da musafahar bankwana.

Hankali zai ba mutum cewa gyaran mai sauƙi ne, a aika wa kowa saƙo a tambaye shi ko yana so a ci gaba. Abin da ya faru a Birtaniya a 2017 ya nuna cewa ko wannan yana da tarko. Hukumar kare bayanai ta ƙasar ta ci kamfanin jiragen sama na Flybe tarar fam 70,000 saboda ya aika saƙonni sama da miliyan uku yana neman mutanen da suka riga suka ce a daina su sabunta bayanansu, ta kuma ci reshen Honda na Turai tarar fam 13,000 a kan saƙonni kusan 290,000 na neman sanin ra'ayin mutanen da kamfanin ba shi da shaidar yardarsu. Hujjar hukumar ita ce, tambayar mutum ko yana son talla ita kanta talla ce. A wannan shekarar wani babban kamfanin gidajen cin abinci da shaye-shaye na can, Wetherspoon, ya goge jerin imel ɗin abokan cinikinsa baki ɗaya ya huta. Mai rassa ɗaruruwa a kan manyan tituna zai iya yin haka ya kwana lafiya. Mai turaren Misfala, wanda abokin cinikinsa ya koma Katsina ko Maraɗi kuma mai yiwuwa ba zai sake taka Makka ba sai bayan shekaru, in ya goge littafinsa ya goge rabin jarinsa.

Akwai kuma wani nauyi da ya keɓanta da irin kasuwancin Haramaini, wato warwatsuwar abokan ciniki. Jeri guda yana iya ƙunsar mazaunin Riyad, mazaunin Kano, ɗalibi a Manchesta da ma'aikaciyar jinya a Toronto, kowannensu kuma da dokar da ke kare shi. Ta Kanada tana hawa kan saƙon da aka buɗe a kan na'urar da ke cikin Kanada ko daga ina ya taso. Ta Turai tana bin duk wanda ke nufin mazauna Turai da hajarsa ko da yana waje. Najeriya ma ta kafa dokarta ta kare bayanai a watan Yunin 2023, wadda ta bai wa mutum haƙƙin ƙin a yi amfani da bayanansa wajen tallata masa kaya kai tsaye. A gaskiya da wuya wata hukuma a Ottawa ta bi sawun mai ɗinki a Jidda, kuma bai kamata a tsorata mutane da abin da ba kasafai yake faruwa ba. Amma kamfanonin da ake hayar hidimarsu domin aika saƙonni da yawa, irin su Mailchimp, suna gina sharuɗɗansu ne a kan tsauraran dokokin, suna haramta jerin da aka saya ko aka ara, kuma suna rufe asusun da ƙorafi ya yi yawa a kansa. Ta wannan ƙofar dokar da ba za ta taɓa zuwa shagon ba take shigo masa.

Katanga ta biyu ita ce ta fi taɓa mutane kullum. Daga watan Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka tsaurara sharuɗɗan karɓar saƙo, Microsoft kuma ya bi sahu a watan Mayun 2025. Duk mai aika saƙo 5,000 ko fiye a rana zuwa akwatunan Gmail dole ya cika tambarin shaida guda uku. SPF sanarwa ce da mai sunan shafin intanet yake wallafawa yana cewa ga na'urorin da na yarje wa su aika saƙo da sunana. DKIM sa hannu ne na sirri da ake liƙa wa kowane saƙo domin a gane ba a taɓa shi a hanya ba. DMARC kuma umarni ne ga mai karɓa a kan yadda zai yi da saƙon da ya zo da sunan amma ya kasa waɗancan gwaje-gwajen. Dole kuma mai aikawar ya sa maɓallin fita daga jerin na dannawa ɗaya, ya cire mai fitar cikin kwana biyu. Ƙananan masu aikawa an sassauta musu, ɗaya daga cikin tambura biyun farko ya wadatar, sai dai akwai sharaɗin da bai bar kowa ba: yawan masu danna cewa wannan shara ne kada ya kai kashi 0.3 cikin ɗari, kuma Google yana ba da shawarar a zauna ƙasa da 0.1.

A duba lissafin da kyau. Kashi 0.3 cikin ɗari mutum uku ne a cikin dubu. Mai shagon da ya yi wata takwas bai ce uffan ba, sannan ya ɓullo da saƙo daga adireshin da mutane ba su gane ba, samun mutum uku da za su danna maɓallin shara a cikin dubunsa ba ya buƙatar maƙiyi ko ɗaya. Da yawa ma ba su san ƙara suke kai shi ba, su dai sun ga hanya mafi kusa ta share saƙo ne. Ga shi kuma kasuwancinsa na lokaci ne, shiru daga Muharram zuwa Rajab sannan ruwan saƙonni a Sha'aban da Shawwal, alhali rariya tana amincewa ne da mai aikawa a kai a kai da adadi daidaitacce, tana zargin mai ɓullowa kwatsam da tuli. Adireshin da ke littafin ma da yawansu sun mutu, domin wasu an buɗe su ne a shagon intanet saboda cike takardun tafiya ba a sake waiwayarsu ba, kuma tun watan Disamban 2023 Google ya fara goge asusun da ya shekara biyu ba a taɓa ba. Saƙon da ke dawowa daga matattun adireshi alama ce ga rariya cewa mai aikawa bai san mutanensa ba. Mafi muni, wasu tsofaffin adireshin ana mayar da su tarko, kuma ƙungiyoyi irin su Spamhaus, wadda aka kafa a 1998, suna amfani da irin waɗannan tarkuna wajen gina jerin baƙaƙen sunaye da kamfanonin imel a faɗin duniya suke dubawa.

Wanda ya ce zai kauce wa duk wannan ta hanyar aikawa daga Gmail ɗinsa na kyauta zai tarar an ƙayyade masa mutum 500 a rana. In kuma ya zuba adireshin kowa a fili ta yadda kowane mai karɓa zai ga na sauran, to ya fallasa bayanan mutane, wanda shi ma saɓa doka ne mai zaman kansa.

Masu harkar Umra da masauki suna da ƙarin rashin sa'a, domin kalmomin sana'arsu su ne kalmomin 'yan damfara: biza, gurbi ya kusa ƙarewa, a tura kuɗi kafin ranar kaza. Kowace shekara ma'aikatar Hajji da Umra tana gargaɗin mutane game da kamfanonin Hajji na bogi, tana nuna musu manhajar Nusuk da sauran hanyoyin hukuma. Mai karɓar da ya saba jin wannan gargaɗi, da kuma dogon tarihin wasiƙun nan da duniya ta laƙaba wa lambar sashe na 419 na dokar laifuffuka ta Najeriya, ba za a zarge shi ba idan ya yi saurin tuhumar saƙon mai gaskiya.

Wasiƙun labarai da ba na ciniki ba su ma ba su tsira ba. Ƙungiyar ɗalibai a Madina da ke aika taƙaitaccen darasi kowace Juma'a, ko marubucin da ke tura wa masu bibiyarsa bayanin sababbin ƙa'idojin iƙama da na aiki, za su iya zaton cewa tunda ba sa sayar da komai doka ba ta da ruwa da su. A Amurka akwai ƙamshin gaskiya a wannan zato, tunda dokar can saƙon kasuwanci ta nufa. A Saudiyya kuwa sashen ya ambaci wayar da kai da sunansa. Ita rariya ma ba ta tambayar niyya, abin da take aunawa shi ne ko mutane suna buɗewa, suna amsawa, ko suna ƙorafi. Akwai wata ɗabi'a tamu da ke cutar da irin waɗannan wasiƙu, wato mutum ya sa sunan abokinsa ko surukinsa a jerin domin yana so ya amfana. Niyyar mai kyau ce, amma surukin da bai san daga ina saƙon yake zuwa ba shi ne zai danna maɓallin da zai ja wa sauran masu karatu asara. Maganin da masana harkar suka daɗe da amincewa da shi shi ne rajista mai mataki biyu, inda wanda aka sa adireshinsa zai karɓi saƙo guda na tabbatarwa, kuma in bai danna ba ba zai sake jin komai ba. Jerin yana raguwa da wannan, wani lokaci raguwa mai ciwo, amma abin da ya rage mutane ne da ke da shaidar shiga da ƙafarsu.

A ganina dokokin nan daidai ne a manufa, kuma duk wanda ya taɓa farkawa ya tarar da tallar gidaje da ta rance cunkushe a wayarsa ya san amfaninsu. Inda suka gaza shi ne rabon nauyi. Ɗan damfara ba ya cikin lissafinsu tun asali, yana aikawa da na'urorin mutane da ya yi wa kutse, gobe ya sauya suna. Babban kamfani yana da lauya da ma'aikacin kwamfuta, abin da zai kashe wajen bin ƙa'ida bai kai kuɗin shayin ofishinsa ba. Wanda ke tsakiya, mai rajistar kasuwanci da suna guda da ba zai iya gudu ya bari ba, shi ne zai biya kuɗin sunan shafi, ya nemo wanda zai saita masa tamburan shaida, ya biya hayar kamfanin aikawa wata-wata, ya kuma yi tunanin ƙa'idojin fitar da bayanan mazauna Saudiyya zuwa waje idan na'urorin kamfanin a wata ƙasa suke. Shi ya sa da yawa suka tattara suka koma WhatsApp, inda su ma suka tarar da iyaka: jerin watsa saƙo ba ya wuce mutum 256, ba ya isa sai ga wanda ya adana lambar mai aikawa, kuma lambar da aka yawaita toshewa ana iya dakatar da ita. Sauya manhaja kuma bai fitar da mutum daga sashe na 25 ba, domin lambar waya ita ma hanyar sadarwar mutum ce.

Abin da ya rage wa mai littafin shi ne ya raba shi kashi-kashi. Sunayen da aka gada, da waɗanda wani ya bayar a madadin wani, da na tawagar da aka karɓa domin masauki, waɗannan a ajiye su gefe, ba na talla ba ne. Waɗanda suka saya da hannunsu kwanan nan kuma suka nemi a sanar da su, su ne za a fara da su, kaɗan-kaɗan, da sunan shagon da suka sani a saman saƙon da hanyar fita a inda ido zai gan ta. Sauran aikin kuma a bakin kanta za a yi shi a Hajji mai zuwa, lokacin da alhaji yake tsaye ana ɗaure masa kaya: a miƙa masa takarda ko lambar nan da ake haskawa da waya, ya rubuta adireshinsa da kansa, ya sa alamar cewa yana so, a gaya masa sau nawa zai riƙa jin labari, sannan saƙon farko ya same shi tun bai bar Jidda ba, yana tune da fuskar wanda ya sayar masa.